Labarin yara kan rasuwar ɗan uwa: in ce ya mutu ko in sakaya?

Mai_Alƙalami:
Salam jama'a, don Allah shawara nake nema. Ɗan labari nake rubutawa na yara, yarinya ce 'yar shekara 8 mai lalurar otizim (lalurar da ke shafar yadda yaro yake mu'amala da mutane da fahimtar magana) yayanta ya rasu, shi ne kullum yake ɗaura mata igiyar takalmi kafin su tafi makaranta, to na maƙale a wurin da mamarta za ta gaya mata, in sa ta ce ya yi tafiya ne ko ya yi barci? Wallahi kalmar mutuwa ta min nauyi a littafin yara.

Malamar_Aji:
A'a ƙanwata kar ki sakaya. Da yawan yaran nan yadda aka faɗi magana haka suke ɗaukarta, kika ce ya yi barci za ta zauna jiran ya tashi, wata ma ta ƙi kwanciya da dare don tsoro, kika ce tafiya kuma ta dinga leƙa ƙofa kenan. Mamar ta ce ya mutu, jikinsa ya daina aiki, ba ya jin ciwo, ba zai dawo ba. Gobe za ta sake tambaya, jibi ma haka, a ba ta amsa iri ɗaya.

Baban_Yara:
Ni dai roƙona kar ki tilasta mata kuka. Nawa yaron ko hawaye bai yi ba da muka rasa ƙanwarsa, har ana ta gulma wai bai damu ba, sai can daga baya wata rana aka ɗauke kofinta daga inda yake zama, ranar ba wanda ya runtsa a gidan, ihu yake yana toshe kunne. Igiyar takalmin nan ki riƙe ta da kyau, nan ciwon yake.

Malamar_Aji:
Allah ya jiƙanta Baba. Ki kuma duba tsarin gajerun labaran da wata malama mai suna Carol Gray ta ƙirƙiro a Amurka farkon shekarun 1990 don irin yaran nan, jimloli gajeru ba kwana-kwana. Amma fa naki labari ne, kar ya koma darasi.

Mai_Alƙalami:
Amin, Allah ya ƙara haƙuri Baba. Na gode Anti, na cire barcin. Yanzu rigimata waye zai ɗaura igiyar ranar farko, mamar ko a bar ta a kwance.