Neman shawara: wani farin abu kamar auduga ya kama orkide ɗina

Maman Nafisa, Sabon Gari:
Assalamu alaikum, ƴan uwa masu renon furanni. Ina neman shawararku a kan tukwanen orkide biyu da ƙanwata ta kawo mini tsaraba daga Yamai watanni bakwai da suka wuce, irin da ake kira Phalaenopsis, mai faffaɗan ganye da farin fure. A falo nake ajiye su kusa da tagar gabas, kuma lafiyarsu lau har shigowar hunturu. Makonni uku ke nan da na fara ganin wani farin abu kamar ɓurɓushin auduga a matsematsin ganyen ɗaya daga cikinsu, ganyen yana danƙo kamar an shafa masa zuma, ga kiyashi yana hawa yana sauka. Ta biyun ba ta da wannan farin abu, amma bayan ganyenta ya koɗe ya yi toka-toka. Na zaci ƙura ce na goge da tsumma, bayan kwana huɗu abin ya dawo. Cuta ce ko ƙwari, kuma me ya kamata in yi?

Malam Laminu, Mirya:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da kika gani a tukunya ta farko ƙwaro ne mai rai, wanda malaman gona suke kira cochenille da Faransanci, kuma danginsa ne suke addabar mangwaro da gwaiba da rogo. Yana lulluɓe jikinsa da farin kakin da ke hana ruwa taɓa shi, ya kafa baki yana tsotsar ruwan ganye, sannan ya fitar da wani ruwa mai zaƙi, wanda shi ne danƙon da kika ji kuma shi ya kira kiyashi. Idan aka bar danƙon, baƙar fumfuna za ta hau kansa ta rufe ganyen.

Abu na farko, ki raba tukwanen yau ɗin nan, kowace da ɗakinta. Ki sayi alkol mai kashi 70 a farmasi, ki jiƙa audugar goge kunne, ki bi ƙwarin ɗaya bayan ɗaya, musamman cikin matsematsin ganye da bayan fure da bakin tukunya. Za ki ga farin ya narke, ƙwaron ya fito fili. Inda mutane suke faɗuwa shi ne su yi sau ɗaya su ce an gama, alhali ƙwai da ƙananan da ido ba ya gani suna nan a ɓoye. Ki maimaita kowane kwana 7 har sau huɗu ko biyar, ko da ba ki ga komai ba.

Baban Sadiya, Birni:
Ni a ganina wannan wahala ta yi yawa a kan tukunya biyu. A fesa musu fiya-fiya sau ɗaya a huta, da ƙwarin da kiyashin duka.

Hajiya Mariama, Karkada:
Alhaji, don Allah kada a ba ta wannan shawara. Fiya-fiya guba ce mai shiga ta numfashi da fata, kuma falo ne ake magana, inda yara suke wasa, ake cin abinci. Ban da haka ma, ina shakkar ta yi maganin tukunya ta biyu, domin abin da Maman Nafisa ta kwatanta ya fi kama da ƙaramin jan gizo-gizon nan da masu lambun tumatir suka sani. Shi ƙafarsa takwas, ba ya cikin jinsin ƙwari, shi ya sa magungunan ƙwari da yawa ba sa gamawa da shi. Busasshiyar iska ita ce abincin ransa, mu kuwa a Damagaram daga hunturu har ƙarshen bazara ba mu da wata sai ita. Orkide irin wannan asalinta dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne masu laima, inda take maƙale a jikin itace, don haka hunturunmu yana raunana ta tun kafin wani abu ya kama ta.

Ƙanwata, ki sami farin ƙyalle mai ɗan danshi ki shafa bayan ganyen. Idan kin ga jan zane ko mai launin ruwan ƙasa ya fito a jikin ƙyallen, to shi ne. Ki wanke ganyen gaba da baya da ruwa mai ɗan ɗumi, sannan ki haɗa ƙaramin cokali ɗaya na man dogon yaro da ɗigo kaɗan na sabulun ruwa mara ƙarfi a lita ɗaya, ki girgiza ki fesa. Kada ki yi amfani da garin wanki. Da yamma ake fesawa bayan iska ta yi sanyi, domin mai da zafin rana suna ƙona ganye. Kuma ki kula sosai kada ruwa ya kwana a tsakiyar shukar, inda sabon ganye yake fitowa. Ki tsane shi da auduga, saboda ruɓewar wurin nan ta fi ƙwarin saurin kisa.

Maman Nafisa:
Allah ya saka muku da alheri. Na gwada ƙyallen, jan zanen kuwa ya fito. Da na ɗaga ta farkon daga tukunyarta, sai na tarar da farin abin har cikin saiwoyi. Zan iya sake dasa ta da ƙasar lambu da taki?

Malam Laminu:
A'a, Hajiya, ƙasa za ta shaƙe saiwar ta ruɓe cikin ɗan lokaci, domin saiwar orkide iska take buƙata. Ki zubar da tsohon ɓawon itacen da aka dasa ta a ciki gaba ɗaya nesa da sauran shukoki, ki wanke saiwoyin, ki yanke waɗanda suka yi laushi ko suka zama fanko da almakashin da aka goge da alkol, ki bar masu tauri, kore ko farare. Tukunyar ma a wanke ta da sabulu. Idan ƙanwarki za ta iya aiko da ɓawon itacen da ake sayarwa don orkide, shi ya fi. Idan bai samu ba, gutsattsarin ɓawon kwakwa da aka jiƙa aka sauya masa ruwa sau da yawa, haɗe da ɗan gawayi, zai riƙe ta. Ki bar ta kwana biyu ko uku kafin ki ba ta ruwa, kuma kada ta koma kusa da ƴar uwarta sai an yi wata guda cur ba a ga fari ko ɗaya ba.