Tambaya a kan ƙungiyar mata ɗalibai ta Alpha Kappa Alpha: ƙungiyar asiri ce ko ta taimako?

Baffa, daga wani ƙauye a ƙasar Ringim:

Assalamu alaikum. Ina neman haske daga waɗanda Allah ya ba sani. 'Yar ƙanena, wadda riƙonta ya dawo hannuna bayan rasuwar mahaifinta, ta samu tallafin karatu zuwa Amurka, yanzu tana shekararta ta biyu a jami'a. Ranar Juma'ar da ta wuce ta kira ni tana neman izinin shiga wata ƙungiya ta mata ɗalibai mai suna Alpha Kappa Alpha. Ta ce suna da launin tufafinsu, suna kiran juna 'yan uwa, kuma akwai abubuwan da ba a faɗa wa wanda ba ya ciki. Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta hana ni barci, domin mun daɗe muna jin yadda ƙungiyoyin asiri ke cinye 'ya'yan mutane a jami'o'in ƙasar nan. Mahaifiyarta ta ce in yanke hukunci, ni kuma ba na son in hana marainiya alheri a kan jahilci, ba na kuma son in jefa amanar da aka ba ni cikin halaka. Wane ne ya kafa wannan ƙungiya, mene ne aikinta, kuma su wane ne ke jan ragamarta?

Malamar tarihi, Kazaure:

Wa alaikumus salam, Baffa. Allah ya saka maka da alheri a kan riƙon zumunci. Tsoronka yana da tushe, amma asalin wannan ƙungiya ya sha bamban da abin da muka sani a nan.

An kafa ta ranar 15 ga Janairu, 1908, a Jami'ar Howard da ke birnin Washinton, jami'ar da aka buɗe a 1867 domin ilmantar da baƙaƙen fata bayan an haramta bauta a 1865. Wata ɗaliba mai suna Ethel Hedgeman ce ta kawo shawarar, ta tara 'yan uwanta ɗalibai takwas suka zama su tara, daga baya aka ƙara wasu bakwai. Ka dubi zamanin da kyau: shekara arba'in da uku kacal da ƙarewar bauta, mace baƙar fata da ta kai jami'a abin nunawa ce da yatsa, kuma ƙungiyoyin ɗalibai mata na Turawa, waɗanda suka fara tun daga 1851 a jihar Jojiya, ba sa karɓar baƙar fata. Waɗannan 'yan mata sun ga cewa idan ba su riƙe juna ba babu mai riƙe su, shi ya sa ta zama ƙungiya ta farko irinta da mata baƙaƙen fata suka kafa.

A 1912 saɓani ya taso, wasu daga cikin membobi suka so a canja suna da launi da alkibla. Nellie Quander ta tsaya kai da fata, ta jagoranci yi wa ƙungiyar rajista a hukumance ranar 29 ga Janairu, 1913, ta kuma zama shugabarta ta ƙasa ta farko. Waɗanda suka fita, su 22, sun kafa tasu ƙungiyar mai suna Delta Sigma Theta a cikin watan nan ɗin, kuma a watan Maris suka shiga jerin gwanon neman 'yancin zaɓe ga mata. Na kawo maganar rajista da gangan, Baffa, domin ƙungiyar da ke da takarda a wajen hukuma, da hedikwata sananniya a birnin Cikago, da mujallar da take bugawa tun 1921, ba za a haɗa ta da masu taro cikin daji da tsakar dare ba.

Abin da ya fi taɓa zuciyata a tarihinta shi ne aikin lafiya na jihar Misisifi, wanda aka fara a 1935 ƙarƙashin likita Dorothy Ferebee. Membobi sun riƙa sadaukar da hutunsu suna tafiya karkara wajen baƙaƙen fata masu aikin gonakin auduga. Da masu gonakin suka hana ma'aikatansu zuwa wuraren da aka tanada, sai matan nan suka loda magunguna a motocinsu suka bi mutane har gona, suna yi wa yara rigakafin agana da mashaƙo. Mu da muka ga abin da mashaƙo ya yi wa yaranmu a Kano da Jigawa a 2023 mun san darajar wanda ya ɗauki allura ya kai ta ƙauyen da likita bai taɓa takawa ba.

Malam, daga Rano:

Malama ta yi bayani mai gamsarwa, amma ina roƙon kada kyakkyawan asali ya sa mu saki jiki. Ƙungiyar da aka kafa a kwalejin jami'a ta Ibadan a 1952, wadda Wole Soyinka yake cikin mutum bakwai da suka assasa ta, ita ma da manufar yaƙi da wariya da ƙabilanci ta fara, amma kowa ya ga abin da masu kwaikwayonta suka mayar da jami'o'inmu daga baya. Ni abu biyu nake so Baffa ya binciko. Na farko, rantsuwar da ake yi ranar shiga, da sunan wa ake yin ta, kuma a kan me? Na biyu, idan taronsu ya ci karo da lokacin salla, ko tufafinsu ya ci karo da hijabinta, wanne ne zai ja baya? Idan an samu amsa mai daɗi a kan waɗannan biyun, ba ni da ja.

Hajiya, 'yar Dambatta, ta yi zaman Amurka:

Baffa, sannu da ɗawainiya. Na zauna shekaru da maƙwabta 'yan wannan ƙungiya, don haka zan faɗi abin da idona ya gani.

Launinsu ruwan hoda ne da kore, alamarsu kuma ganyen wata shuka ce mai yaɗo wadda ke manne wa bango ba ta saki, wato alamar riƙo da juriya. A bajensu akwai duwatsun lu'ulu'u 20 domin tunawa da waɗanda suka kafa ƙungiyar da waɗanda suka yi mata rajista. Suna kiran juna soror, kalmar da ta samo asali daga Latin mai nufin 'yar uwa, suna bikin ranar kafuwa a kowace shekara, kuma suna karrama wadda ta cika shekara 25 da wadda ta cika 50 a ciki. Wannan ya kawo ni ga abin da ya kamata ka fi riƙewa: shiga irin wannan ƙungiya alkawari ne na tsawon rai. Ba a ajiye shi ranar karɓar digiri, domin akwai rassan waɗanda suka gama karatu, kuma su ne ma ke ɗauke da mafi yawan aikin, daga tallafin karatu zuwa ciyar da mabuƙata da wayar da kai a kan lafiya. Kamala Harris, wadda ta zama mataimakiyar shugaban Amurka a 2021, ta shiga tun tana ɗaliba a Howard a 1986, kuma ba ta taɓa ɓoye hakan ba.

Shugabancin kuwa na zaɓe ne. Kowane reshe yana da shugaba da mataimakiya da magatakarda da ma'aji, sai dai da sunayen Girkanci ake kiran muƙaman, shugabar reshe ana ce mata Basiliyos. An raba rassan zuwa yankuna goma, kowane da daraktarsa. Babban taro, wanda suke kira Bule, ana yin sa duk bayan shekara biyu, a nan wakilai ke gyara dokoki, shugabar ƙoli kuma tana yin wa'adin shekara huɗu. An naɗa Danette Anthony Reed a kan kujerar a 2022. Reshen ɗalibai ba ya cin gashin kansa, yana ƙarƙashin kulawar reshen manya, kuma jami'a tana da ikon dakatar da shi.

Amma Malam na Rano ya yi gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba. Bikin shiga sirri ne, wanda ba ya ciki ba ya gani. Akwai kuma tsohuwar al'adar wahalar da sababbin shiga a irin waɗannan ƙungiyoyi, ta maza da ta mata, wadda ta kai ga manyan ƙungiyoyin baƙaƙen fata suka soke tsohon tsarin ɗaukar membobi a 1990, kuma har yanzu akan kama masu karya dokar. Ka gaya wa 'yarka cewa duk wanda ya nemi ta zo wani wuri a ɓoye, ko ya ce ta jure duka ko wulaƙanci domin a karɓe ta, to ya fita daga dokar ƙungiyar kanta, ta kai ƙararsa ofishin kula da ɗalibai. Sannan akwai kuɗin shiga da na shekara-shekara, waɗanda ba ƙanana ba ne ga mai rayuwa da tallafin karatu. Akwai bukukuwa masu kiɗa da rawa, ita za ta san inda za ta tsaya. Addu'o'in taro kuma sau da yawa suna da launin Kiristanci, saboda yawancin membobi Kiristoci ne, ko da yake ƙungiyar ba ta addini ba ce. Domin irin wannan damuwa ce wasu mata Musulmi suka kafa tasu, Gamma Gamma Chi, a 2005, sai ta duba ko akwai irinta kusa da ita.

Baffa:

Na gode ƙwarai, Malama, Malam da Hajiya, Allah ya bar zumunci. Jiya bayan isha'i na karanta wa mahaifiyarta bayananku, kuma hankalinta ya ɗan kwanta, musamman da ta ji labarin matan da suka kai rigakafi gona. Ban ba da izini ba tukuna, ban kuma hana ba. Na rubuta wa yarinyar tambayoyi biyun da Malam ya kawo, na ƙara da maganar kuɗi, na ce ta nemi wata Musulma da ta daɗe a cikin ƙungiyar su zauna, ta kuma je wajen limamin masallacin da take salla ta ji ta bakinsa. Ta ce akwai wata likita mai sanya hijabi a reshen manya na garinsu, kuma sun yi da ita za su haɗu ranar Asabar.