Wane layi zan saya don shagon ɗinki?

Mai ɗinki, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Yanzu rabin masu kawo min ɗinki ta WhatsApp suke turo samfuri, kuɗin ma turowa suke yi. Amma da na shiga cikin shago sai sabis ya ɗauke. In sayi MiFi ne, wato ƙaramar na'urar nan da ake saka wa layi ta ba waya intanet, ko in canza layi? Ku taimaka da shawara.

Mai POS, Sabon Gari: Wa'alaikumussalam Hajiya. Kada ki sayi komai tukuna. Ki ari wayoyin maƙwabta masu layuka daban-daban, ki gwada kowanne a inda kekenki yake, da safe da kuma bayan magariba, lokacin da kowa ya hau. Layin da ke gudu a unguwar PZ ta nan Zariya zai iya rarrafe a lungunku. Ni layi biyu nake riƙewa. Tun watan Maris na 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka katse ta wajen Kodebuwa, intanet ya rikice a ƙasashen yammacin Afirka, na daina dogara da guda ɗaya.

Ɗalibi, Samaru: Anti, MiFi ya fi, don kina iya ajiye shi a taga ki zauna a ciki. Ki tabbata mai karɓar kowane layi ne, wasu a kulle suke. Sannan ki kashe saukar bidiyo da kansa a WhatsApp, shi ke cinye data. Tun da NCC, hukumar sadarwa ta ƙasa, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da data a Janairun 2025, ni na wata nake saya, na kullum asara ne. *323# zai nuna miki abin da ya rage.

Malamin makaranta, Wusasa: Ƙanina ya yi gaskiya, amma an manta da wuta. MiFi ba caji ba shi da amfani. Ki haɗa da fawa banki, ko ƙaramin sola. Abin da ke damuna shi ne yaranmu na ƙauyukan Giwa. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, ga yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa. Wanda ke da hali ya bar su su taɓa tasa.

Mai ɗinki, Tudun Wada: Wallahi haka ne Malam. To Starlink ɗin da ake ta faɗa fa?

Ɗalibi, Samaru: Tun 2023 ya shigo Najeriya, intanet ne da ke aiki ta tauraron ɗan'adam. Ya yi wa shago ɗaya tsada, Anti, sai dai in masu shagunan layinku za ku yi karo-karo.

Mai POS, Sabon Gari: Kuma Hajiya, ki yi rajistar layin da NIN ɗinki, kada ki karɓi wanda wani ya yi wa rajista. Duk wanda ya kira ya ce daga banki yake, ki karanto masa lambar da aka turo miki, ki kashe wayar.

Mai ɗinki, Tudun Wada: Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe in sha Allah zan fara gwajin. Wa ya san shagon da ake samun MiFi marar kulle a Sabon Gari?