Neman shawara: abincin kare marar hatsi, lafiya ya fi ko tsada kawai?

Baban Sadiya (Madina):

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure, ina neman shawarar waɗanda suka san sha'anin dabbobi. Ina kula da garken tumaki da awaki na maigidana a wata gona da ke wajen Madina, kuma muna da karnuka biyu: babban kare na gadi da yake kwana a bakin garke, da kuma karya 'yar Saluki wadda maigidan yake fita farauta da ita a lokacin sanyi. Na faɗi aikinsu tun da farko ne domin kada zance ya karkata zuwa hukuncin ajiye kare, tun da na gadin dabbobi da na farauta halaccinsu sananne ne.

Abincinsu shi ne busasshe na buhu, wanda aka rubuta a jikinsa cewa akwai kaza da shinkafa da masara, sai kuma ragowar kabsa, wato dafa-dukar shinkafa da nama ta Larabawa, idan an yi baƙi a gonar. Tun shigowar zafi karen gadin yake yawan susa, har gashin gindin wutsiyarsa da na bayan cinyoyinsa ya fara zubewa. Da na je sayen buhu, sai mai shagon ya ce mini hatsi ne yake jawo masa ƙaiƙayin, wai kare asalinsa kyarkeci ne, ba a halicci cikinsa don masara da alkama ba. Ya nuna mini wani buhu da babu hatsi a cikinsa ko kaɗan, kuɗinsa ya kusa ninka na wanda muke saye, na ɗauki ƙarami ɗaya amma ban buɗe shi ba tukuna. Kafin in gaya wa maigidana ya ƙara kuɗin abincin karnuka, ina so in sani: shin marar hatsin nan ya fi lafiya da gaske, kuma zai magance susar?

Baba Mai Wurno (Makka):

Wa alaikumus salam, ɗana. Ni ba likita ba ne, amma na tashi a Mai Wurno a ƙasar Sudan, inda karnukan makiyaya da na mafarauta ba su san wani abinci ba sai ragowar asidar dawa da kisira, da ɗan nono idan an samu, da ƙashi ranar da aka yi yanka. Da wannan suke wuni suna bin garke a cikin rana, kuma ban taɓa jin an ce dawa ta sa wa kare ƙaiƙayi ba. Idan kare yana susa a wurinmu, jikinsa ake fara dubawa, domin kaska da ƙuma da ƙazwa ba sa rabuwa da inda dabbobi suke kwana. Mai shago kuwa buhunsa yake so ya sayar, kada ka ɗauki maganarsa a matsayin ta likita.

Ummu Faisal (Jidda):

Baba, Allah ya ƙara girma, amma ni na ga abin da idona. Karen da yake gadin ɗakin ajiyar kaya inda maigidana yake aiki ya daɗe yana fama da susa da ciwon kunne, an sa masa maganin ƙuma bai daina ba, sai da aka koma ba shi marar hatsin nan na kifi, sa'an nan fatarsa ta warke gashinsa ya dawo. Saboda haka ba zan ce duk talla ba ne.

Dakta Abu Hafsa (Riyad):

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam Baban Sadiya, Allah ya sanya albarka a kiwon. Aikina duba dabbobi ne, kuma wannan tambaya tana yawan zuwa mini, don haka zan ɗan tsawaita.

Zan fara da maganar kyarkeci, domin a kanta mai shagon ya gina hujjarsa. Gaskiya ne tushen kare da na kyarkeci ɗaya ne, amma dubban shekarun da kare ya yi yana cin abin da ɗan'adam ya rage sun sauya cikinsa. A shekarar 2013 masu bincike a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin sun gwada ƙwayoyin gadon kare da na kyarkeci, suka tarar cewa ƙwayar gadon da take sa jiki ya samar da amilas, wato sinadarin da yake narkar da sitaci, guda 2 kacal kyarkeci yake da ita, alhali karnuka suna da tsakanin 4 zuwa 30. Wani binciken da ya fito a 2014 ya ƙirga har 29 a jikin Saluki, wanda dama kare ne na wannan yanki da aka daɗe ana noman alkama da sha'ir. Ke nan 'yar farautar maigidanka tana cikin karnukan da suka fi dacewa da dafaffen hatsi, kuma abin da Baba ya gani a Mai Wurno bai saɓa wa ilimi ba.

Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, cire hatsi ba ya nufin an cire sitaci. Busasshen abinci ba ya dunƙulewa ya zama 'yan ƙwayoyin nan sai da sitaci, saboda haka idan kamfani ya cire shinkafa da masara, dole ya cike gurbinsu da wani abu, kuma abin da aka fi sawa shi ne dangin wake irin su bazilla (peas) da adas (lentils) da waken hummus, sai kuma dankali. Sau da yawa naman da ke ciki bai ƙaru ba, amma adadin furotin da aka rubuta a bayan buhu ya hau, domin dangin wake ma suna da furotin, mai saye kuwa ya ɗauka nama ne aka ƙara masa.

Daga nan ne damuwar likitoci ta taso. A watan Yulin 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sanar cewa tana binciken rahotannin wata cutar zuciya da ake kira DCM, wadda a cikinta tsokar zuciya take raunana, ɗakunanta su buɗe, ta kasa tura jini yadda ya kamata. Cutar ba sabuwa ba ce, an san ta a matsayin ta gado a jinsuna irin su Doberman da Great Dane da Boxer, amma sai aka fara ganinta a karnukan da ba a saba ganinta a jinsinsu ba, kuma da aka bi diddigi, da yawansu abinci iri ɗaya suke ci. A rahoton da hukumar ta fitar a Yunin 2019 an ƙirga karnuka 560 da suka kamu, 119 daga cikinsu sun mutu, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na abincin da aka ambata marar hatsi ne, kashi 93 kuma yana ɗauke da bazilla ko adas ko duka biyun. Haka kuma likitocin Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun bi wasu karnuka 24 na jinsin Golden Retriever masu wannan cuta tare da ƙarancin wani sinadari da tsokar zuciya take buƙata mai suna taurin (taurine) a jini, suka tarar 23 daga cikinsu marar hatsi ko mai yawan dangin wake suke ci, kuma akasarinsu zuciyarsu ta farfaɗo bayan an sauya musu abinci an ƙara musu taurin. Wannan farfaɗowa ita ce ta fi ɗaukar hankalina, domin nau'in cutar na gado ba ya juyawa baya haka.

Sai dai adalci ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren. Rahoton da mai kare ko likita ya aika ba hujja ba ce yankakkiya cewa abincin ne sanadi, karnukan da suke cin irin wannan abinci lafiya lau sun ninka waɗanda suka kamu nesa ba kusa ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka kamu taurin ɗinsu bai yi ƙasa ba. Hukumar ba ta haramta abincin ba, kuma a Disambar 2022, bayan rahotannin sun kai 1,382, ta ce ba za ta sake fitar da bayani ba sai an sami sabon sakamako mai ma'ana. Zargin ma ya fi karkata ga yawan bazilla da adas fiye da rashin hatsin kansa. Hukuncina dai shi ne: ga lafiyayyen kare babu wani amfani da aka tabbatar marar hatsi ya fi mai hatsi da shi, akwai kuma shakku a kan zuciya wanda har yanzu ba a kawar ba, don haka ban ga dalilin da zai sa mutum ya biya ninki biyu ya sayi shakku ba.

Yanzu batun susa. Rashin jituwar jiki da wani abinci yana faruwa ga karnuka, amma ba shi ne ya fi yawa ba a cikin abubuwan da ke kawo ƙaiƙayi, kuma idan ya faru ba hatsi ne kan gaba ba. Wani nazari na 2016 da ya tattara karnukan da aka tabbatar abinci ne matsalarsu ya nuna naman shanu ne ya fi yawa da kashi 34 cikin 100, sai madara da danginta 17, kaza 15, alkama 13. Hajiya Ummu Faisal, ban musa abin da kika gani ba, amma ki lura da kanki kika ce sabon abincin na kifi ne. Idan tsohon na kaza ne ko na shanu, to abubuwa biyu aka sauya a lokaci guda, kuma ya fi yiwuwa barin naman farko ne ya warkar da shi. Da an ba shi kifi da shinkafa, wataƙila sakamakon ɗaya ne.

Naka karen kuwa, Malam, siffar da ka bayar ta ƙuma ce: ya fara da shigowar zafi, kuma a gindin wutsiya da bayan cinyoyi. Ka shimfiɗa farin ƙyalle mai laima, ka tsayar da shi a kai, ka taje gashin bayansa da matsefi mai ƙananan haƙora. Idan ka ga baƙaƙen ɗigo kamar garin barkono suna faɗowa, kuma da sun jiƙe suka bar jan tabo a ƙyallen, to kashin ƙuma ne, jan kuwa jinin karen ne da suka sha. Rashin ganin ƙumar da ido ba ya kore ta, domin karen da jikinsa ba ya jure cizonta 'yan kaɗan sun isa su hana shi sakat. A nan sai a yi wa karnukan biyu magani tare, a tsabtace makwancinsu, kuma a karɓi maganin daga hannun likita, kada a auna musu daga na tumaki. Idan an yi wannan susar ba ta tafi ba, sai likita ya kankari fatar ya duba ƙazwa, bayan haka ne ake gwajin abinci, wanda yake ɗaukar kimanin mako 8 ana ba kare nama ɗaya da sitaci ɗaya waɗanda bai taɓa ci ba, ba tare da ko loma ɗaya ta wani abu ba.

A cikin duk abin da ka lissafa, ragowar kabsa ce ta fi ba ni tsoro, kuma ba saboda shinkafarta ba. Albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu, suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, zabibin da ake barbaɗawa a kai yana iya kashe masa ƙoda, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya soke hanji. Wannan ka tsayar da shi tun yau.

Abu Bilal (Jidda):

Allah ya saka wa Dakta da alheri. Ni a wurin sayar da abincin dabbobi nake aiki, kuma abin da zan ƙara shi ne, inda hatsi yake zama haɗari na gaske shi ne wajen ajiya. Masarar da ta yi fumfuna tana haifar da gubar aflatoksin wadda take lalata hanta, kuma zafi da laima irin na Jidda su ne abin da fumfuna take so. Ku a Madina iskarku busasshiya ce, amma zafin kansa yana sa man da ke cikin abincin ya canza wari. Kada ka sayi babban buhun da zai daɗe a buɗe, ka duba ranar ƙarewarsa, ka ɗora shi a kan katako a cikin inuwa, ka riƙa ɗaure bakinsa. Idan kuma ka juya bayan buhu, ka sani ana jera kayan haɗin ne daga mafi nauyi zuwa mafi sauƙi, kuma wasu kamfanoni suna rarraba bazilla gida-gida, su rubuta garinta daban, furotin ɗinta daban, dusarta daban, domin nama ya zauna a sahun farko. Ka ƙirga sau nawa dangin wake suka fito a cikin goman farko.

Baban Sadiya (Madina):

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yi gwajin ƙyallen da yamman nan, kuma jan tabon ya fito kamar yadda Dakta ya siffanta, don haka gobe in sha Allahu zan nemi likita. Na kuma duba ƙaramin buhun da na saya, bazilla da adas sun fito sau huɗu a goman farko. Dakta, shin in zubar da shi ne? Kuma akwai wani maƙwabcinmu da ya daɗe yana ba nasa karen irin wannan, me zan ce masa ya lura da shi?

Dakta Abu Hafsa (Riyad):

Kada ka zubar, ba guba ba ne, kuma ƙaramin buhu ɗaya ba ya cutar da zuciya, domin karnukan da aka ba da rahotonsu yawanci sun yi watanni ko shekaru a kansa. Idan mai shagon zai karɓa ya musanya maka da wanda kuka saba, hakan ya fi, in kuwa ya ƙi, ka riƙa gauraya kaɗan a cikin na yau da kullum har ya ƙare. Ka dai tabbata wanda kuke saye an rubuta a jikinsa cewa cikakken abinci ne bisa ma'aunin ƙungiyoyin da suke tsara ƙa'idar abincin dabbobi, AAFCO ta Amurka ko FEDIAF ta Turai.

Maƙwabcinka kuwa ya lura da saurin gajiya, tari, kumburin ciki, sumewa, da saurin numfashi. Matsalar ƙasar nan ita ce, a lokacin zafi kowane kare yana haki yana kwanciya, sai a ɗora laifin a kan rana alhali zuciya ce. Saboda haka ya ƙirga numfashin karen da dare yana barci a wuri mai sanyi, ɗagawar ƙirji da saukarsa a matsayin ɗaya, kuma idan yana wuce 30 a minti ɗaya a kai a kai, ya kai shi asibitin dabbobi a ɗauki hoton zuciyarsa, ya tafi da buhun ko hoton bayansa domin likita ya ga kayan haɗin. Idan karen lafiyarsa ƙalau kuma yana so ya mayar da shi kan mai hatsi, kada ya sauya rana ɗaya, domin hakan yana kawo zawo. Ya fara da kashi ɗaya cikin huɗu na sabon, yana ƙarawa a hankali har tsawon mako guda zuwa kwana 10.