Tambaya: Yaya zan rage jan ƙafa a tawagar da ke aiki daga gida?

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina jagorantar wata ƙaramar tawaga da ke shigar da bayanai a kwamfuta, ni ina nan Sakkwato, sauran kuma suna Gusau, Birnin Kebbi da Kano, kowa daga gidansa. Matsalar da ta gagare ni ita ce, aikin da aka raba ranar Litinin ba ya motsi sai daren Alhamis, sannan a turo shi cikin gaggawa, cike da kurakuran da ni ne zan kwana ina gyarawa.

Na san akwai uzuri na gaskiya, domin wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma zafin Sakkwato a watan Afrilu yakan sa aikin rana ya gagara. Sai dai idan na duba Google Sheets, inda ake ganin lokacin da kowa ya taɓa aiki, nakan tarar wasu ba su ko buɗe shi ba, alhali suna ta hira a WhatsApp.

Mun gwada taron safe ta Zoom, kuɗin data ya kashe shi. Mun gwada tsarin Pomodoro, wato aiki na minti 25 da hutun minti 5, bai ɗore ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, biyu daga cikinsu sun girme ni, kuma kunya ba ta barina in riƙa yi musu tuni kullum.

Don Allah, shin rarraba aikin zuwa wa'adi na kowace rana zai fi, ko kuwa a ɗaura biyan kuɗi a kan abin da mutum ya kammala?