Neman shawara: In ɗauki hutuna in je intabiyu, ko in faɗa wa matiron gaskiya?

Maman Sudais:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman daga manyanmu da suka daɗe a aikin jinya. Ni nas ce a wani asibitin kuɗi nan cikin garin Kaduna, a ɗakin yara nake. Jiya da yamma saƙo ya shigo wayata: wani asibitin gwamnatin tarayya a Abuja da na nemi aiki tun bara sun kira ni intabiyu ranar Talata mai zuwa, ƙarfe 9 na safe. A rosta kuwa Talatar ina aikin safe, Laraba in shiga dare.

Ina da sauran hutun shekara da ban cinye ba. Matsalar ita ce a fom ɗinmu akwai gurbin rubuta dalili, kuma matiron, wato shugabar nas-nas ɗinmu, sai ta tambaye ka da baki kafin ta sa hannu. Wata abokiyar aikina ta ce kawai in buga waya Litinin da dare in ce yarona ba lafiya, wai kowa haka yake yi. Raina bai kwanta da wannan ba. In kuma na faɗi gaskiya, ina tsoron a daina yarda da ni alhali ban san ko zan samu aikin ba. Ga shi matar nan ta yi min halacci lokacin da na haihu, ita ta riƙa gyara min rosta har yaron ya yi ƙwari. Mu biyu ne kawai a kowane dyuti. Yaya zan yi?

Anti Ladi:
Wa alaikumus salam 'yata. Na yi matiron kafin in yi ritaya, bari in faɗa miki abin da na gani da idona. In kika buga waya da dare kika ce ba za ki zo ba, babu wanda za a samo kafin asuba. Wadda ta kwana a tsaye ita za ta zarce. Ta yi allurar ƙarfe shida, ta rubuta rahoto, ta ɗauko jakarta, sai a ce mata ajiye. Ga yaro a kan oksijin, ga wani ruwansa ya ƙare, ga uwa tana kiran Sista daga ƙarshen ɗaki, ita kuma idonta na rufewa. A irin wannan safiyar ake kuskuren lissafin magani, kuma kin fi ni sanin cewa na yara da nauyin jiki ake auna shi. Don haka zancen wayar dare ki ajiye shi gaba ɗaya. Kuma kar ki kira wa ɗanki ciwo da bakinki, lafiyarsa ƙalau.

Shi kuwa hutu naki ne, da guminki kika tara shi. Wadda ta ɗauki nata ta tafi biki Zariya babu wanda ya tuhume ta, to wadda ta ɗauka don neman abin da zai riƙe gidanta ba ta yi laifi ba. A gurbin dalili ki rubuta uzuri na kanki. In ta tambaya ki ce, "Ma, wani uzuri ne da dole in je da kaina, amma na samo wadda za ta tsaya min." Ba ki yi ƙarya ba. Ni dai duk yarinyar da ta shigo ofis ɗina da sunan mai canjinta a hannu, ba na ja mata rai.

Baban Yusra:
Ni a ɓangaren ma'aikata nake a wani asibiti, ba nas ba. Hajiya, kafin komai ki ɗauko takardar ɗaukarki aiki ki karanta ta yau. Dokar Ƙwadago ta ƙasa, sashe na 18, ta ba ma'aikaci aƙalla ranakun aiki 6 na hutu da cikakken albashi bayan ya yi wata 12 a jere. Sai dai dokar ta ware masu aikin ƙwarewa daga waɗanda take nufi da ma'aikaci, shi ya sa ga nas abin da ke cikin takardarta da ƙa'idar asibitin shi ake dubawa: kwana nawa take da shi, da kwana nawa za ta sanar kafin ta tafi. Hutu haƙƙinki ne, amma ranar da za ki ɗauke shi sai shugabanki ya amince. In ba a sa hannu ba kika tafi, fashin aiki za a rubuta miki. Don haka gobe da safe ki miƙa fom, kar ki bari sai Litinin, kuma ki ɗauki hotonsa bayan an sa hannu.

Takardar likita ta bogi kuwa laifin kora ce, kuma har wanda ya rubuta miki sai ta shafa. Sannan ko sun ce miki kin ci, kar ki ajiye aiki sai takardar ɗauka ta shigo hannunki. Aikin tarayya yakan ɗauki watanni tsakanin intabiyu da fara albashi. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.

Sista Rahila:
Na goyi bayan Anti, amma zan ƙara da babbar murya: kar ki faɗi inda za ki. Ni na faɗa wa tawa shugabar da zuciya ɗaya a inda na yi aiki da. Ban samu wancan aikin ba, na dawo, sai aka cire sunana daga horon da aka sa ni, wai ai tafiya zan yi. Dare kuma aka jera min shi kamar ni kaɗai ce a ɗakin. Har yau abin yana min ciwo. Mutuniyar kirki ce taki, na yarda, amma ita ma akwai mai asibiti a samanta.

Hajiya Umma:
Rahila ƙanwata, Allah ya huci zuciyarki, amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Maman Sudais ta ce matar nan ta riƙe ta lokacin jego. Mutumin da ya yi maka haka, in ya ji labarinka a bakin wani sai ya fi jin zafi, kuma Kaduna a wajen masu aikin jinya ƙaramin gari ne. Wanda kuka yi makaranta tare yana asibitin Barau Dikko, wani yana na Shika, wani yana asibitin sojoji na 44, wani ya koma Abuja, magana ba ta kwana. Ku tuna kuma a watan Fabrairun 2024 da Hukumar Nas da Ungozoma ta fitar da sababbin sharuɗɗan tantance takardu ga masu fita waje, har da takardar shaidar kyakkyawan hali daga shugaban wurin aiki ta sa a ciki. Wanda ka bari a baya wata rana sa hannunsa za ka nema. Ni shawarata, yanzu ki yi shiru kamar yadda aka ce, amma ranar da takarda ta fito, ita za ki fara gaya wa, a ofis ɗinta, ki zauna ki yi mata godiya, ki cika wa'adin sanarwar da ke takardarki har ranar ƙarshe.

Abu Hanif:
Ga masu aikin gwamnati da ke karantawa, namu daban ne. In kana son shekarunka su bi ka zuwa sabon wuri, ta hannun shugabanka takardar nema take bi, don haka ɓoyewa ba ta da amfani. Kuma hutun Juma'a da jihar Kaduna ta fara a Disambar 2021 bai shafi mai dyuti a ɗakin marasa lafiya ba, mu ma da musanya muke rayuwa.

Anti Ladi:
Na manta. Ki tabbatar saƙon na gaske ne, ki duba ko sunanki na cikin jerin da asibitin ya fitar. Duk wanda ya ce ki turo kuɗi a riƙe miki gurbi ɗan damfara ne. Ki tafi da takardunki na asali da kwafi, lasisinki wanda bai ƙare ba, da takardar ƙaramar hukuma. Kar ki ce za ki kama hanya da asubar Talata. Ki hau jirgin ƙasa daga tashar Rigasa ko mota tun Litinin ki kwana can.

Maman Sudais:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba takardata, sanarwar wata ɗaya ce in zan bar aiki. Na yi magana da wata 'yar uwa da ba ta aiki ranar Talata, ta yarda ta tsaya min, ni kuma in karɓi Asabar ɗinta. Litinin ina safe, in na miƙa aiki sai in wuce tasha. Abin da ya rage shi ne daren Laraba. In intabiyun ya kai yamma ko suka ce a dawo washegari fa?

Baban Yusra:
To ki cike kwana biyu a fom ɗin, Talata da Laraba, ki samo mai tsaya miki daren tun yanzu. In kin dawo da wuri sai ki huta a gida ki shiga Alhamis. Allah ya ba da sa'a, Hajiya.