Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: har da zazzaɓin Lassa?

Ɗan Wunti: Jama'a, ku raba mana gardama. Jiya a majalisarmu wani ɗalibin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) ta Bauchi ya ce a daina shanya hatsi a ƙasa a bakin titi, don fitsari da kashin ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa. Wani dattijo ya katse shi: "Yaro, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun kafin a haifi farfesanku muke shanya." Aka kwashe da dariya, yaron ya ja bakinsa. Karin maganar nan ta zauna a wurin?

Baban Jahun: Ta zauna daram. Ɗan boko ya shigo da jaka, bai tambayi kowa komai ba, sai umarni. Kuma ɗari-ɗarin talaka ba a banza ba ne. A 1996 kamfanin magunguna na Pfizer ya gwada maganin Trovan kan yara masu sanƙarau a Kano, wasu suka rasu, wasu suka nakasa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

'Yar Ƙofar Ran: Baba, ayi haƙuri, amma a saurari kalmar da kyau. Cewa aka yi ya san INDA yake yoyo. Ɗakinmu ya shekara biyu yana zuba daidai kan gado, kullum damina ina tara roba, ni na fi kowa sanin wurin. Da kafinta ya hau, ashe ƙusa ce ta fita can gefe guda, ruwan ke bin katako yana gangarowa. Kuma gudun tsumman nan ne ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, cutar ta tsallaka har ƙasashen waje.

Baban Jahun: To 'yata, wa ya nuna wa kafintan ɗakin?

'Yar Ƙofar Ran: Ni ce, Baba. Amma ban riƙe masa tsani ina cewa ya sauko don bai taɓa kwana a ciki ba.

Mai shago Muda Lawal: Ni dai abin da ya dame ni, yaron ya faɗa wa dattijon inda zai shanya hatsin kuwa? Leda mai faɗi yanzu kuɗi ce.

Ɗan Wunti: Wallahi bai kai nan ba aka yi masa dariya. Zan tambaye shi yau bayan la'asar.